Ɗanka Ya Ci Bak: Ya Zauna Shago Ko Ya Shiga Jami'a Kafin Ƙofar Waje Ta Buɗe?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata tambaya ce da wani Alhaji maƙwabcina, mai sayar da atamfa da shadda, ya tare ni da ita bayan sallar la'asar, kwanaki kaɗan da fitowar sakamakon bak. Na san ba shi kaɗai wannan tambaya ke hana barci ba, shi ya sa na ga ya dace in amsa ta a bainar jama'a.

Ya ce mini: “Malam, ɗan nan naka ya ci bak, kuma ya ci da daraja. To amma ya kafe a kan shi sai ƙasar waje zai yi karatu, ga shi an ce masa ba za a karɓi takardu ba sai an shiga sabuwar shekara. Ni a ganina ya zauna mini a shago shekara guda, ya san kan kuɗi, mu kuma tara abin da za mu tara. Uwarsa ta ce sam, ya shiga jami'a nan gida kafin Allah ya kawo tafiyar. Yau kwana uku ke nan gidan ba daɗi. Me ka gani?”

Kafin a ce komai, ya kamata mu fahimci inda wannan shekara ta jira take fitowa, domin iyaye da yawa suna ɗauka sakacin yaro ne. A nan Nijar sakamakon bak yakan fito ne wajejen watan Yuli ko farkon Agusta, alhali kuwa yawancin jami'o'in waje sun riga sun rufe karɓar takardu tun da sanyi. Manyan jami'o'in Amurka sukan rufe tsakanin farkon Nuwamba da farkon Janairu, na Ingila a cikin Janairu, neman shiga ajin farko na jami'o'in Faransa yakan ƙare a tsakiyar Disamba, sannan gurbin karatu kyauta na gwamnatin Turkiyya a ƴan shekarun nan ana buɗe shi ne daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Ke nan duk yaron da bai cika takardunsa tun yana ajin ƙarshe na lise ba, kuma kaɗan ne cikin ƴaƴanmu ke samun mai tuna musu da hakan, to dole ya jira zagayowar shekara. Idan ya nema a Janairu, aka amsa masa a bazara ko da damina, ba zai shiga aji ba sai Satumba ko Oktoba. Wata goma sha huɗu ke nan daga ranar da aka yi guɗar cin bak. Tambayar Alhaji ita ce, ina yaro zai yi waɗannan watanni?

Ba zan raina hujjar Alhaji ba, kuma ba na cikin ƴan bokon da ke ganin kasuwa wurin waɗanda suka kasa ne. Kasuwa makaranta ce, kuma malamanta ba sa sassauci. Yaron da ya yi shekara yana lissafin canjin naira da sefa, yana fama da duwan da direbobi da masu cin bashi, yana karanta fuskar mai saye kafin ya buɗe baki, ya san abin da babu shi a littafin lise. Irin wannan yaro idan ya je ƙasar da babu uwa babu uba, ya fi sanin yadda zai tattala abin da aka aiko masa. Batun tara kuɗi ma gaskiya ne. A 2025 Faransa tana neman ɗalibi ya nuna yana da aƙalla yuro 615 a kowane wata, wato sama da jaka 400 na sefa, ban da kuɗin makaranta da aka ɗaga wa baƙi a 2019 zuwa yuro 2,770 a shekara ga mai neman digirin farko, kusan sefa miliyan 1 da dubu 800, ko da yake wasu jami'o'in sun yafe wannan ƙari. Kanada kuwa a Janairun 2024 ta ninka abin da ake so ɗalibi ya nuna, daga dalarta 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin karatu. Wanda ya san waɗannan alƙaluma ba zai ga laifin uban da ya ce a dakata a shirya ba.

To amma duk da haka ra'ayina yana tare da uwar yaron. Ga mafi yawan ƴaƴanmu, abin da ya fi shi ne su yi rajista a jami'ar gida, su shiga aji, su nemi ta waje suna ɗalibai.

Dalilina na farko ku ƴan kasuwa kun fi ni saninsa. Kuɗi yana da zaƙi, kuma wanda ya ɗanɗana shi yana ɗan shekara goma sha tara da wuya ya koma zaman benci yana jiran a ba shi na kashewa. Wata uku na farko yaro zai riƙa zuwa shago da littafinsa na Ingilishi. A wata na huɗu littafin ya koma ƙarƙashin dilar atamfa. Kafin azumi an aike shi Kano sau biyu, ya fara ɗan juya nasa jarin a gefe, ya sayi babur, abokansa sun zama ƴan kasuwa. Ranar da za a rufe karɓar takardu sai ta same shi a kan hanyar Kwatano ko Lome yana bin kaya. Sai a ce ba komai, baɗi ma rana ce. Na koyar shekaru masu yawa, kuma na ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka tafi “shekara guda kawai” a kasuwa, yau suna da mata da ƴaƴa, takardar bak tana cikin akwati. Ba su lalace ba, wasunsu ma sun fi ni arziki nesa ba kusa ba, amma ba abin da aka shirya ke nan ba, kuma idan hira ta yi hira sukan faɗa maka abin yana yi musu ciwo.

Idan kuwa ɗiya mace ce, maganar ta fi haka gajarta. Yarinyar da ta ci bak ta zauna gida shekara guda ba ta zuwa ko'ina, kowa ya san abin da dangi da maƙwabta za su fara faɗa, kuma kowa ya san inda maganar ke ƙarewa. Aure alheri ne, ba mai musu. Sai dai uban da ke son ɗiyarsa ta zama likita ko ungozoma mai digiri, ya sani cewa ya fi sauƙi ya ce wa manema “tana karatu” da ya ce musu “tana jiran biza”.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin duniyar da muke ciki ba ta da tabbas ga mai fasfo irin namu. Mu duba abin da ya faru cikin ƴan shekaru kaɗan. A Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukiren, dubban ɗaliban Afirka, da yawansu masu karatun likita, suka gudo da ƙafa zuwa iyakoki. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, aka kwaso ƴaƴanmu da ke Jami'ar Afirka ta Hartum da sauran makarantu cikin motoci ta hamada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, Faransa ta dakatar da bayar da biza a nan, sannan a farkon Janairun 2024 ta sanar da rufe ofishin jakadancinta. A Disamban 2025 kuma gwamnatin Amurka ta sanya Nijar cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga, ta kuma taƙaita wa ƴan Najeriya wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Yaron da ya ci bak a 2023 ya ce zai zauna gida ya shirya wa Faransa, me ya samu? Abokinsa da ya shiga jami'ar Maraɗi ko ta Damagaram a shekarar, ko da shi ma burinsa Faransa ne, ya ci gaba da hawa aji yana jiran abin da Allah zai yi. Ɗaya ya saki reshe ya kama ganye, ɗayan kuwa yana riƙe da reshensa.

Ƴan'uwanmu na tsallake su ma sun ga nasu. A tsakiyar 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Uban da ya yi shekara yana tara naira domin kuɗin makarantar waje ya wayi gari abin da ya tara bai kai rabin abin da ake nema ba. Mu masu sefa muna da sauƙi ta wannan fuska tunda a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro guda, amma cinikinmu da naira yake tafiya, kuma mun ga yadda rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da aka ƙaƙaba mana bayan juyin mulki, suka tsayar da kasuwanninmu cik. Wanda ya ce zai tara kuɗin karatun waje cikin shekara guda daga cinikin bakin iyaka, ya yi lissafi da abin da ba ya hannunsa.

Sannan akwai batun shekaru da tsufan takarda, wanda iyaye ba su cika lura da shi ba. Gurbin Turkiyya na digirin farko ba a ba wanda ya kai shekara 21. Jami'ar Musulunci ta Madina tana da iyakar shekara 25, kuma ba ta son takardar sakandare da ta wuce shekara 5. Guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bai wa gwamnatinmu, waɗanda ake bi ta hukumar ANAB, sun fi karkata ga masu sabon bak, don haka wanda ke son su tun makon da sakamako ya fito ya kamata ya fara bin sawu. Yaranmu da yawa ba sa cin bak sai sun kai 19 ko 20, saboda makara wajen shiga lakwal ko maimaita aji. Shekara guda ta zama a wurin irin wannan yaro tana iya zama ita ce ta rufe masa ƙofa baki ɗaya. Haka kuma duk mai duba takardu, na jami'a ne ko na ofishin biza, idan ya ga giɓi tsakanin bak da ranar nema zai tambaya me aka yi a ciki. “Ina aji ɗaya a sashen kimiyya, ga sakamakona” amsa ce da ba ta bukatar dogon bayani.

Da can ana iya cewa ina jami'ar take? Mu a zamaninmu Yamai ce kawai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, sai Jami'ar Musulunci ta Sayi. Ɗan Magarya sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ya ga ƙofar aji. Amma tun 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka samu nasu, a 2014 aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Yau ɗan Maraɗi yana iya kwana gidan ubansa, ya ci tuwon uwarsa, ya tafi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da safe. Kuɗin rajista kuwa ba a haɗa shi da kuɗin tikitin jirgi guda zuwa Turai.

Na san abin da za a ce mini, kuma yaron Alhaji da kansa ya faɗa lokacin da aka kira shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce: “Baba Malam, in na shiga nan na yi shekara, can ba za su lissafa mini ita ba, daga aji ɗaya zan sake farawa. Kuma kun san yadda jami'o'inmu suke, yajin aiki yau, yajin aiki gobe.” Ya yi gaskiya a duka biyun. Sau da yawa jami'ar waje ba ta karɓar darussan da aka yi a nan, musamman a karatun likita da injiniya. Mun kuma san farar shekara tun shekarun 1990, mun san shekarar karatu da ke cin wata goma sha biyar, su ma na Najeriya malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 cur suna yajin aiki a 2022. Na ce masa: to ɗana, a ce ka sake farawa daga aji ɗaya, me ka rasa wanda mai zaman shago bai rasa ba? Dukanku shekara guda ta tafi. Kai ka tafi da hannu a saba da alƙalami, ka san yadda ake sauraron lacca da rubuta jarrabawar jami'a, kana da malamai da za su rubuta maka takardar shaida. Idan kuwa tafiyar ba ta yiwu ba, kai kana aji biyu.

Akwai wuri guda da shiga jami'ar gida ke iya cutar da yaro, kuma amana ce in faɗe shi. Jami'o'in Amurka suna raba masu nema gida biyu: wanda ya fito daga sakandare kai tsaye, da wanda ya riga ya fara wata jami'a yana son canjin sheƙa. Ƴan ƙalilan daga cikinsu masu arziki, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT, suna ɗaukar nauyin ɗalibi baƙo gwargwadon rashin ƙarfin iyayensa, amma mafi yawan guraben da tallafin na masu fitowa daga sakandare ne. Mai canjin sheƙa gurbinsa kaɗan ne ƙwarai, a wasu jami'o'in ma baƙo mai canjin sheƙa ba ya samun tallafi ko kaɗan. Dokar ta bambanta: wata jami'ar da zarar ka yi rajista a wani wuri ka tashi daga sabon shiga, wata kuma sai ka cika shekara. Saboda haka yaron da ya yi zarra na gaske, mai Ingilishi a baki, wanda ya sa ido kan irin waɗannan jami'o'i, shi kam yana da hujjar dakatawa, bayan ya rubuta wa kowace jami'a ya ji dokarta a rubuce, ya kuma tabbatar fasfonsa zai samu biza a lokacin. Kuma kada wani ya ba shi shawarar ya shiga ta gida ya ɓoye. Ana sa hannu a kan cewa an faɗi gaskiya, idan aka gano kuwa ana iya janye gurbin ko da yaro ya riga ya fara karatu. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: waɗannan jami'o'i cikin kowane mutum ɗari da suka nema, daga duk faɗin duniya, ba sa ɗaukar goma. Ba a kan wannan ake gina shawarar gida ba.

Hujja ta biyu da nake karɓa ita ce ta harshe. Yaron da ya yi karatunsa da Faransanci yana son ƙasar da ake koyarwa da Ingilishi, dole ya ci jarrabawar TOEFL ko IELTS, kuma sakamakonsu shekara 2 kawai yake aiki. Nan Allah ya yi mana gata mu mutanen iyaka, tunda Katsina da Kano da Sakkwato suna kusa, ga dangi, ga masauki, wasu kuma sukan tura Akara. Amma wannan ai karatu ne, da malami da lokacin shiga aji da takardar shaida a ƙarshe. Idan har uba ya zaɓi shekarar jira, to ta zama irin wannan: a san makarantar, a san ranar jarrabawa a biya kuɗinta tun da wuri, a rubuta sunayen jami'o'in da za a nema da ranar rufewar kowace a manna a bangon shago, a kuma yi alkawari gaban shaidu cewa in Oktoba ta zagayo ba a samu ba, yaro zai shiga ta gida ba wani “baɗi”.

Wani abu kuma, tunda muna maganar ƴan kasuwa masu ɗan abin hannu: shekarar jira ita ce kakar dillalan karatu. Da zarar an ji ɗan Alhaji wane yana zaune yana neman waje, sai ka ga masu jaka da kwamfuta sun fara sallama, wannan ya ce yana da hanya a Kuburus, wancan ya ce Indiya, a ba da miliyan biyu kafin alƙalami. Ni kaina an taɓa cin kuɗin wani ƙanena haka, aka kawo mana takardar karɓa mai hatimi har biyu, daga baya muka gane makarantar ko gini ba ta da shi. Ku da ba ku sayen dila sai kun kwance kun ga kaya, me zai sa ku sayi makaranta a rufe? Ku tuna a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri a Kwatano cikin makonni kaɗan. Har waɗanda suka yi karatun gaskiya a can abin ya shafa. Gurbin Turkiyya da na tallafin manyan jami'o'i duk yaro ne ke cika su da kansa ta intanet, ba su da dillali.

A ganina ma, in ban da ɗan ƙalilan, hanyar da ta fi wa ɗan kasuwa riba ita ce yaro ya gama digirin farko na shekara 3 a gida, sannan ya nemi na biyu a waje. Shekara 2 za a biya maimakon 4 ko 5, yaro ya girma ya san ciwon kansa, kuma tsarin da jami'o'inmu ke bi yanzu, na lasisi da masta da dakta, iri ɗaya ne da na Faransa da Maroko da sauran ƙasashe masu Faransanci, don haka takardar ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Wannan dai ba ta yi wa yaron Alhaji daɗi ba, na ga fuskarsa.

Abin da muka tsayar a zauren Alhaji ran nan shi ne, yaro zai yi rajista a nan Maraɗi. Zai riƙa taya ubansa a shago ranakun da babu aji da lokacin hutu, a yanka masa albashi kamar kowane yaron shago, a ajiye masa rabi. Fasfo za a fara nema tun yanzu, tunda ba a san ranar fitowarsa ba, a kuma kai takardun bak a fassara su a buga musu hatimi. Da dare zai riƙa zuwa wajen wani malamin Ingilishi a unguwarmu. Alhaji ya ɗan yi gunaguni a kan cewa shi ne aka kayar, uwar ɗaki ta yi nasara, na ce masa ai shagon bai rasa yaro ba, rabi aka raba. Yaron zai cika 20 a watan Maris, saboda haka yana da damar neman gurbin Turkiyya a Janairu mai zuwa, kuma na ce ya kawo mini takardun in duba tun kafin Disamba ta ƙare.